Doyar Gwaggo Dudu

A wani daji da na ga ya fi dacewa in sakaya sunansa, akwai wata ƙungiya ta 'yan dako. Dalilin sakayawar kuwa tsoro ne, ba zan ɓoye ba. Ina tsoron kada wani mai jigilar kaya ya karanta wannan labari ya ga kamar da shi ake. Saboda haka ina roƙon mai karatu ya riƙe a ransa cewa waɗannan dabbobi ne, kuma a daji suke.

Mazaunin ƙungiyar yana gindin wata tsohuwar kuka, dab da babbar kasuwar dajin. 'Ya'yanta raƙuma ne da jakuna da takarkarai, kuma su ne suke ɗauko kaya daga Mashaya, wato bakin kogin da ke kudu inda kwale-kwale ke sauke doya da goro da manja, su kawo kasuwa. Tafiyar kwana uku ce idan hanya ta yi kyau. Idan ba ta yi kyau ba takan kai kwana biyar ko takwas, an ma taɓa yin goma sha biyu. Shugabansu wani raƙumi ne mai suna Amale, Sarkin Dako, dogo ko a cikin raƙuma, wanda tsawonsa ya sa maganar na ƙasa takan wahala kafin ta kai kunnensa.

'Yan dakon nan suna da wata al'ada da suka gada, wadda suke alfahari da ita fiye da ƙarfin gadon bayansu. Ba sa ɓata wa mai kaya rai. Idan mai kaya ya tambaya ina kayansa, amsar ɗaya ce: "Sun kusa." Ko ayari bai bar Mashaya ba, sun kusa. Ko jakin gaba ya gurɗe ƙafa an kwana biyu ana jinyarsa, sun kusa. Don kada in zalunce su, ya kamata in faɗa cewa ba su ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba. Ladabi suke kiransa. A wurinsu, duk wanda ya iya duban idon mai kaya ya ce masa kayansa za su makara, to bai samu tarbiyya ba. Har ma'aikaci na musamman gare su domin wannan hidima, wani hankaka mai suna Tanimu, wanda aikinsa shi ne ya taso daga wurin ayari, ya sauka a kasuwa, ya ce "sun kusa", ya koma. Shekararsa bakwai yana wannan aiki ba a taɓa kama shi da kuskure ba, da yake saƙon bai taɓa canjawa ba.

Babbar mai ba su kaya ita ce Gwaggo Dudu, wata beguwa mai sayar da doya, wadda duk mako biyu ake ɗauko mata lodin jaki ashirin. Wanda ke jan ayarinta shekara goma sha ɗaya wani dattijon jaki ne marar yawan magana, ana kiransa Jangora. Hanyar Mashaya ita ce duniyarsa. Ya san inda inuwa take da rana tsaka, ya san inda ƙasa ke da santsi bayan ruwa, ya san rijiyar da ba a sha. A dokar ƙungiya kuwa, jakin da mai kayansa ya bar shi, akan mai da shi ɗaukar yashi daga rafi zuwa wurin magina, aikin da ba a cika ganin tsoho a cikinsa ba.

Wata Litinin da hantsi sai ga Gwaggo Dudu a gindin kuka, ƙayoyinta duk a miƙe.

"Sannunku da hutawa," in ji ta. "Sarkin Dako, sunkuyo, ba ni da muryar hawa bene."

Amale ya sauko da wuyansa cikin murmushi. "Gwaggo da kanta! Da kin aiko ai da mun zo."

"Da na aiko da kun ce kun kusa. Sallama na zo yi. Lodin da Jangora zai ɗauko mini wannan makon shi ne na ƙarshe. Daga shi, kunkuraye ne za su riƙa ɗauko mini doya."

Wani takarkari ya fashe da dariya, ya duba ya ga ba wanda ya taya shi, ya mai da ita tari.

"Kunkuraye?" in ji Amale. "Gwaggo, ko dai rana ce ta buge ki? Kunkuru fa kwana goma yake yi daga Mashaya."

"Goma," in ji ta. "Ya ce goma, ya zo a goma. Ku kuwa uku kuke cewa. In kira tururuwa masu sauke kaya tun da asuba, in aika wa masu saye daga dazuka huɗu su zo, in shimfiɗa musu tabarma, su zauna suna cin gyaɗata suna kallona. In tambayi wancan tsuntsun mai farar riga, ya ce sun kusa. Wancan karon kwana biyar kuka yi kuna kusa. Jikata ta yi aure a Tudun Gawo ban je ba, ina zaune ina gadin rumfar da ba komai a cikinta."

"Subhanallahi. To me kike so mu yi miki, Gwaggo?"

"In san ranar da kayana za su iso. Iyakar abin ke nan."

Sai dai kafin ta rufe baki, Amale ya riga ya mai da wuyansa sama domin ya yi tunani, saboda haka amsar ba ta wuce ƙirjinsa ba. Jangora ne ya ji ta, da yake kunnuwansa dogaye ne, kuma a ƙasa suke.

Bayan tafiyarta aka kira taron gaggawa. Amale ya gyara tsayuwa, ya tauna abin da ke bakinsa sau uku, ya fara.

"Ya ku 'yan'uwana masu gadon baya, yau an ci mana mutunci. Kakanninmu sun ɗauki gishiri sun ratsa hamada tun kakan kunkuru bai gama fitowa daga ƙwai ba, kuma ina kyautata zaton har yanzu bai isa inda za shi ba. Amma kada mu raina abin. Idan Gwaggo Dudu ta tafi, gobe mai goro zai bi ta, jibi mai manja, gata mu wayi gari muna kallon kunkuraye suna wucewa da abincinmu a hankali, a hankali, yadda za mu daɗe muna gani. Na yi nazari mai zurfi tun ɗazu, kuma na gano inda matsalar take. Masu kaya ba su san irin ƙaunar da muke yi musu ba. Muna ɗaukar kayansu, muna yi musu ladabi, amma ba mu taɓa tsayawa mun nuna musu cewa suna ranmu ba. Wannan aiki ne na masana. Saboda haka na aika a kira mana Malama Ladingo."

Malama Ladingo hawainiya ce, ta yi karatu a dazuka uku a kan yadda ake riƙe abokin ciniki. An hango ta a bakin taro da azahar, ta iso kan saiwar da za ta tsaya dab da la'asar, kuma jama'a suka ɗauki wannan a matsayin alamar ilimi. Duk wanda ta juya za ta yi wa magana, sai ta koma kalarsa, har kowa ya riƙa jin tamkar 'yar gidansu ce.

"Ranka ya daɗe, iyayena da yayyena," in ji ta, tana kalar raƙumi, "binciken zamani ya tabbatar da cewa mai kaya ba kayansa yake nema ba. Kaya ai kowa ma yana iya kawowa, ga shi nan har kunkuru yana kawowa. Abin da mai kaya yake nema shi ne ya ji ana ji da shi. Ya ji an san sunansa. Ya ji idan ya yi tari, akwai ƙungiya guda da za ta ce masa sannu. Saboda haka za mu raba masu kayanmu matsayi-matsayi, na Tagulla da na Azurfa da na Zinariya, domin na ƙasa ya riƙa hangen na sama yana ƙara ba mu kaya. Gwaggo ita ce ta Zinariya ta farko. Za a ɗinka mata hula da gashin jimina. Za a yi mata waƙa, na riga na yi magana da kwaɗi. Sannan za a rataye akwatin ƙorafi, duk mai damuwa ya jefa, domin mu san abin da ke zukatansu."

Aka yi ta buga kofato a ƙasa. Can daga baya Jangora ya ɗan matso.

"Ranka ya daɗe, ina da 'yar magana, in an yarda. Ni dai na ji kamar cewa ta yi tana so ta san ranar da doya za ta iso."

Malama Ladingo ta koma kalar jaki, ta dube shi da ido ɗaya cikin tausayi, ɗaya idon yana kan Amale. "Baba, abin da mai kaya ya faɗa da baki daban, abin da zuciyarsa ke so daban. Shi ya sa ake zuwa karatu."

"Ka ji ko?" in ji Amale. "Kai dai tashi ka ɗauko doya. Ranar Asabar da la'asar za mu karrama ta, Tanimu ya sauko a tsakiyar taro da albishir, ranar Lahadi kuma, ranar kasuwa, ka shigo da ayari. Mu ga ta inda kunkuru zai biyo."

Jangora ya kama hanya da jakunansa a yammacin nan. Suka isa Mashaya ranar Alhamis, aka yi musu lodi, suka juyo. Ranar Juma'a aka yi ruwa a kan tuddai kamar ba za a daina ba. Da safiyar Asabar suka iso Rafin Gora, wanda daga shi sai tafiyar yini da kwana zuwa kasuwa, suka tarar rafin ya cika ya batse, gadar itacen da ake bi kuma ruwa ya tafi da ita, ko gungume ɗaya bai bari ba.

Jangora ya daɗe yana kallon ruwan. Ya san rafin nan. Idan ya kai gindin farar ƙayar da ke bakinsa, kwana uku yake yi kafin jaki mai lodi ya iya ratsa shi.

Tanimu, wanda ya biyo su tun daga Mashaya, yana kan reshe yana gyara farar rigarsa domin biki. "To Baba, bari in tashi kada a fara ba ni. In ce sun kusa, ko?"

"A'a. Ka ce Laraba."

"In ce me?"

"Laraba, kafin azahar. Ka ce ruwa ya tafi da gadar Rafin Gora, doya lafiya lau ko ɗaya ba ta jiƙe ba, amma sai Laraba."

Saura kaɗan Tanimu ya faɗo daga reshen. "Haba Baba Jangora! Kai da girmanka? Mace dattijuwa, a gaban jama'a, ranar da ake sa mata hula, a dube ta a gaya mata irin wannan magana? Mu a gidanmu ba a koya mana haka ba."

"Na sani. Mu ma ba a koya mana ba."

"To ka manta hukuncin wanda ya karya al'ada? Yashi ne fa."

"Tanimu, in ta tafi wurin kunkuraye, yashi ne. In na karya al'ada, yashi ne. Shekara goma sha ɗaya ina sauke doya a rumfar matar nan. Duk ranar da na makara, ba ta taɓa fara yi mini faɗa a kan makarar ba. Tabarmin da ta shimfiɗa wa baƙi take nuna mini, da bawon gyaɗa. To in dai yashin ne ko ta ina, gara in tafi ban sa tsohuwa ta sake shimfiɗa tabarma a banza ba. Ka ce ni na aike ka. Laifin nawa ne."

Tanimu ya karkace kai. "Ko na yarda, Baba, bakina bai saba ba. Wallahi ko na buɗe shi da niyyar Laraba, abin da ya saba ne zai fito."

"To gwada mu ji."

Hankaka ya share murya, ya buɗe fukafukai. "La... La... sun kusa."

Jakuna goma sha tara suka kwashe da dariya har lodi yana girgiza.

"Sake," in ji Jangora.

Sai da suka yi sau goma sha huɗu kafin Laraba ta fito cikakkiya, ita ma a gurguje, kamar wanda ya tofar da ƙashin kifi. Tanimu ya tashi yana maimaita ta a iska don kada ta tsere masa.

A gindin kuka kuwa biki ya kankama. An share fili, an yayyafa ruwa. An fara da buɗe akwatin ƙorafi, wanda Sarkin Dako da kansa ya rataye a reshen da ya ga ya fi sauƙin kaiwa. Aka sauko da shi aka tarar ba komai a ciki sai sheƙar wata 'yar tsuntsuwa tsada, Malama Ladingo ta sanar cewa cikin kwana biyar ba a samu mai ƙorafi ko ɗaya ba, abin da ba ta taɓa gani ba a dazuka uku. Masu goro da masu manja, waɗanda yawancinsu kurege ne da bushiya da gafiya, suka ɗaga kai suka dubi reshen can sama.

Kwaɗi suka rera waƙar da aka tsara, wadda baitinta ɗaya ne amma sun yi masa adalci wajen maimaitawa. Sannan aka zo sa hula. Ta farko ƙayoyin Gwaggo suka huda ta tun kafin ta zauna. Ta biyu ma haka. Ta uku aka ɗora ta a hankali a kan tsinin ƙaya biyu, ta tsaya can sama tana lilo, ba ta taɓa kan mai ita ba. Gwaggo Dudu tana zaune a tsakiya da fuskar wadda ake cire wa haƙori.

"Jama'a, ku dubi sama!" in ji Amale. "Ga ɗan aikenmu nan da albishir!"

Tanimu ya sauka a gaban Gwaggo. Ya rufe ido gam.

"Baba Jangora ya ce a gaishe ki. Ya ce... ya ce Laraba."

Kwaɗi suka tsaya a tsakiyar baiti. Malama Ladingo ta koma wata kala da ba a taɓa gani ba, kuma ba a sake gani ba.

"Zazzaɓi ke damun tsuntsun nan," in ji Amale da sauri. "Gwaggo, ki gafarce shi, abin da yake nufi shi ne sun..."

"Bar shi," in ji Gwaggo Dudu. Ta matso kusa da hankaka. "Wace Larabar?"

"Wannan mai zuwa, Gwaggo."

"Da wane lokaci?"

"Kafin azahar."

"Me ya faru?"

"Ruwa ya tafi da gadar Rafin Gora."

"Doyar fa?"

"Ko ɗaya ba ta jiƙe ba."

Ta miƙe, ta girgiza, hula ta faɗi. Ta kira shugaban tururuwa ta ce su je su huta sai Laraba da hantsi. Ta kira tsattsewa huɗu ta ce kowace ta nufi daji ɗaya, ta gaya wa masu saye kada wanda ya taso gobe. Sannan ta juya ta ce, "Ni na tafi Tudun Gawo ganin ɗakin jikata," ta fice daga fili ba tare da ta jira rufe taro ba.

"Kun gani?" in ji Amale. "Ta fita cikin fushi. Jaki ɗaya ya rushe mana aikin mako guda." Waɗanda ke kusa da ƙasa sun lura cewa ƙayoyinta a kwance suke lif, abin da ba a ƙara gani ba tun tana budurwa, amma ba a tambaye su ba.

A bakin Rafin Gora, safiyar Talata ta zo, ruwa ya sauka, sai dai bai sauka yadda Jangora ya so ba. Har yanzu yana kai wa jaki ƙirji. Ƙananan jakuna suka fara gunaguni.

"Baba, mu ƙara kwana ɗaya mana."

"Na ce Laraba."

"Ai kai ka jawo mana," in ji wani. "Da ka bari an ce mun kusa, da yanzu muna kwance muna cin ciyawa. Ko Juma'a muka isa, wa zai ce mun saɓa? Yanzu ka ɗaure mu da igiyar Laraba."

"Haka ne," in ji Jangora. Ya jima yana tauna maganar, domin a ranar ce ya fara zargin cewa kakanninsa, Allah ya ji ƙansu, ba ladabi kaɗai ya sa suka kafa al'adar nan ba. Sannan ya sa aka ƙara ɗaure lodi sama-sama a kan gadon baya, ya bi gefen rafi har inda ya san akwai tsakuwa a ƙasa, ya fara shiga. Ruwa ya ture shi sau biyu. A na biyun sai da kunnuwansa kaɗai suka rage a waje tare da doya. Amma ya fita, sauran suka bi sawunsa ɗaya bayan ɗaya, suka yi tafiyar da ba su taɓa yin irinta ba, ba tsayawa inuwa, ba gaisawa da 'yan'uwa a hanya.

Ranar Laraba, inuwa ba ta gama komawa gindin itatuwa ba, ayari ya shigo kasuwa. Tururuwa ba su daɗe da yin layi ba. Masu saye suna isowa doya tana sauka, ba wanda ya samu zama balle ya ci gyaɗa. Kafin la'asar rumfa ta koma fayau.

Jangora bai ga wannan ba, domin tun yana huci aka wuce da shi gindin kuka, aka tsayar da shi tare da Tanimu a gaban majalisa.

"Jangora," in ji Amale, "ana tuhumarka da cewa ranar Asabar, da gangan, cikin hankalinka, ka sa an gaya wa mai kaya ranar da kayanta za su iso. Ka yi haka a gaban baƙi da ƙananan yara. Ka jefa ma'aikaci mai shekara bakwai ba tabo cikin wannan abin kunya. Sannan, kamar hakan bai isa ba, ka iso a ranar da ka faɗa, abin da zai sa gobe kowane mai goro ya tsaya yana tambayarmu rana. Kana da abin cewa?"

"Ranka ya daɗe, duk an yi. Sai dai Tanimu ba shi da laifi, sau goma sha uku yana ƙi."

"To hukuncin sananne ne. Daga gobe..."

"Sarkin Dako, sunkuyo."

Gwaggo Dudu ce, ta ratso taro, jama'a suna buɗa mata hanya da hanzarin da ake buɗa wa beguwa. Amale ya sauko da wuyansa. Ta juya ta jingina masa ƙaya ɗaya a gefen muƙamuƙi, a hankali, cikin girmamawa.

"Ka bar shi a nan har in gama, kada a sake yin irin ta rannan. Kwana uku na yi a Tudun Gawo. Na ga ɗakin jikata, na ci tuwon hannunta, na yi barci har da munshari. Shekara goma sha ɗaya ina ba ku kaya, ban taɓa samun kyauta irin wannan ba. Na fasa tafiya wurin kunkuraye. Na gaya wa babbansu, ya ce zai yi tunani a kan ko ya ji haushi, zai ba ni amsa ranar Asabar ta sama, kuma na san zai ba ni. Doyata tana nan wurinku. Amma Jangora ne zai ja ayarina, Tanimu ne zai kawo mini saƙo, kuma rana za a riƙa faɗa mini. In Laraba ce a ce Laraba. In sai baɗi ne a ce baɗi, in san abin da zan yi da raina kafin nan. Ranar da aka fasa, ni ma na fasa. Ka ji, ko in sake?"

"Na ji, Gwaggo," in ji Amale, ba tare da ya motsa kai ba.

Ta janye ƙayarta, ta yi wa Jangora sannu da hanya, ta ce ya biyo ta rumfa akwai dusa.

Majalisa ta koma bayan kuka domin shawara. Malama Ladingo, wadda ta riga ta dawo kalar raƙumi, ta bayyana cewa wannan shi ne sakamakon da ta yi tsammani, domin waƙa da karramawa sukan ɗauki kwana huɗu kafin su ratsa zuciya. Kowa ya gamsu da haka. Abin da ya rage shi ne yadda za a yi da doka, wadda ta ce yashi, da mai doya, wadda ta ce Jangora. An daɗe ana kai da komo. Daga bisani Sarkin Dako ya fito, ya miƙa wuyansa iyakar tsawonsa, ya ɗaga murya yadda har masu goro da masu manja da suka taru a gefe za su ji.

"Jama'a, majalisa ta zauna, ta auna, ta yanke. Al'adar kakanninmu tana nan daram, ba a taɓa ta ba, kuma ba za a taɓa ta ba. An yafe wa Jangora, bisa la'akari da shekarunsa da irin ruɗewar da ruwa ke sa wa. Sannan, domin girmama Gwaggo Dudu, an ba shi da Tanimu izini na musamman su riƙa faɗin gaskiya, a hanyar Mashaya kaɗai, a kan doya kaɗai. Duk wanda aka kama yana faɗinta a kan goro ko manja ba tare da izini ba, ya kuka da kansa, har zuwa ranar da kwamiti zai kammala bincike ya tabbatar mana cewa jikin sauran masu kaya zai iya ɗaukarta."